An Kai Likita Sama

Alhamis

Zuwa ga Likita mai kula da masu zuwa gashin ciwon daji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyalinki. Ki yi haƙuri da rubutuna. Bara na gama aji shida, kuma ban taɓa rubuta wa babba wasiƙa ba.

Ba lalle ki gane ni ba. Ni ce yarinyar da take rako Umma, matar nan mai ciwon daji a nonon hagu, wadda ta ce injinku kamar raƙumi ne ya sunkuyo shan ruwa, har kika yi dariya. Ni ce mai tsayawa a bayan ƙofa da jaka. Sau biyu kin tambaye ni sunana, Umma ce ta amsa miki. A gida Auta ake ce mini.

Na rubuto ne in faɗi laifina. Ni na goge alamomin. Ba Sista ba ce, ba kowa ba ne a asibitinku.

Ranar Asabar hannun Umma ya ƙi ɗaguwa, sai ta ce in yi mata wanka. Da Gwaggo ce take yi mata, to ta koma gidanta. Na ga zanen shuɗiyar tawada a ƙirjinta da gefen haƙarƙarinta. Salatif ɗin da aka liƙa a kai ya ɗago, bakinsa ya yi baƙi. Umma ta ce, "Ke Auta, raba ni da rubutun nan. Sai ka ce buhun da za a loda a mota." Na ɗauko auduga da man shafawa na goge su tas. Har daɗi nake ji, ina ganin na yi abin kirki.

Ranar Litinin muka zo gashi na goma. Matar da take kunna inji ta buɗe rigar Umma, sai ta riƙe baki. Ta ce da alamomin nan ake saita haske ya sauka daidai kan ciwon, idan babu su ba za a kunna ba. Ta ce wa ya wanke? Umma ba ta tona ni ba, ni ma ban tona kaina ba. Aka mayar da ita ɗakin hoto aka sake zanawa. Wani dogon likita da ban sani ba ya ce mu dawo Laraba da ƙarfe biyu, domin an ba wani layinmu na safe.

Laraba Umma ta ce ba ta zuwa. Na zo ni kaɗai in ba ki haƙuri, na tarar an cire sunanki daga ƙofa. Ina tsaye na ji masu shara biyu suna magana. Ɗaya ta ce, "Ai tun Litinin na sama suka kira ta. Ta kwashe kayanta kaf, har tukunyar fulawarta." Ɗayar ta ce, "Za ta dawo?" Ta ce, "Ina! Wanda aka kai sama ai ba ya saukowa."

Likita, a makarantarmu idan aka kira mutum sama, ofishin hedimasta ke nan, kuma da kuka yake dawowa. Na san saboda alamomin ne, tunda a ranar abin ya faru. Don Allah ki nuna musu takardar nan. Idan hukunci ne, ni ya kamata a yi wa. Na iya shara, na iya wanki.

Umma ta ce tunda ba kya nan, ita ma ta gama. An ce ashirin da biyar za a yi mata, tara kawai aka yi. Ba ta manta ranar farko ba, da aka rufe ta ita kaɗai a ɗakin nan mai ƙatuwar ƙofa, ta fara salati da ƙarfi, sai ta ji muryarki ta lasifika kina cewa, "Umma, ina kallonki, kada ki motsa." Har maƙwabta ta ba labari. Mun gode, ko da ba ki dawo ba mun gode.

Ban san hanyar sama ba, kuma ina jin nauyin tambaya. Zan saka takardar a akwatin nan mai kwaɗo da ke bakin matakala.

Ki huta lafiya.
Auta

*

Juma'a

Yayana,

Ina gaisuwa. Yaya aiki, yaya rana? Na sake gwada wayarka, matar nan ta ciki ta sake cewa ba a samunka. Umma ta ce wataƙila titin da kuke yi ya wuce ƙarshen duniya. Zan ba direban tankar ruwanku wannan takarda, ya ce gobe zai koma.

Yaya, Umma ta daina zuwa gashi. Yau kwana biyar ke nan ba a kunna mata inji ba. Laifina ne, na wanke mata alamun da ake saita injin da su, ban san ba a wankewa ba. Saboda haka aka cire likitarta. Na rubuta wa likitar na ba ta haƙuri, ba amsa.

Kullum da rana nake ɗauko mata mayafi da katin asibiti in ajiye a gefenta. Sai ta ɗauki katin ta yi fifita da shi. Jiya na ce, "Umma, lokaci ya yi." Ta ce, "Lokacin me? Ni da na ji sauƙi." Ba ta ji ba, Yaya. Loma uku take yi ta ture kwano. Da ta tashi ɗaura zane sai da ta zagaya shi sau biyu.

Na je gidan Gwaggo. Ta ce ita tun suna yara ba ta taɓa juya Umma ba, balle yanzu da furfura. Kai kaɗai take jin maganarka. Ka roƙi mai gidanku ko kwana biyu ne ya ba ka.

Na dasa maɓallan rigarka guda biyu, tana cikin ledar. Ba kala ɗaya ba ne, ka yi haƙuri.

Ƙanwarka,
Auta

*

Lahadi

Shiru-shirun Umma,

Na ga takardarki. Wato ke da ko sallama sai an sa kunne ake jinki, har kin iya rubuta wa likita wasiƙa? Lallai duniya ta zo ƙarshe. Ke kuma wa ya aike ki goge-goge? Tun kina ƙarama haka kike, ba kya ganin abu ki bar shi. Kin tuna da kika wanke mini rediyo a bahon wanki?

Zuwa ba zai yiwu ba. Muna zuba kwalta, mai gida ya ce wanda ya tafi ya tafi ke nan. To idan na bar aikin nan wa zai riƙe gidan?

Ki saurara. Ki daina takura wa Umma. Ni tun farko abin nan bai kwanta mini ba. Mutum da ransa a ce ana gasa shi kullum kamar nama? Mai tuƙa mana injin daddaɓe ya ce akwai wani mai magani a garinsu, jiƙo kawai yake bayarwa, babarsa har tsalle take yi yanzu. Na yi magana da direban tanka, ranar Asabar mai zuwa ƙaninsa zai zo da mota ya kai ku. Ki haɗa mata kaya na wata guda. Ba shawara nake nema ba, ni ne babba.

Kada ki yi kuka, na san halinki. Ba wanda ya ce da gangan kika yi.

Maɓallan sun yi. Ɗaya ja, ɗaya fari, abokaina sun ce na zama fitilar kan hanya.

Ki gaida Umma, ki ce ta ci abinci don Allah.

Yayanki

*

Litinin

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam, 'yata. Na gane ki sarai. Ke ce mai koren ɗankwali da take kallon takalmina duk lokacin da na yi mata magana.

Akwatin da kika saka wasiƙarki akwatin ƙorafi ne. Shekara biyu ba wanda ya buɗe shi, makullin ma ya ɓata. Yau da safe na sa aka fasa kwaɗon. Na sami takardu goma sha ɗaya da mataccen kyankyaso, taki ce a sama. Sau bakwai muka kira lambar da ke fayil ɗin Umma ba ta shiga. Sista ta ce unguwarku kan hanyarta take, ita za ta kawo miki wannan.

Ba wanda ya kore ni. Shugabar sashen aka naɗa ni. Tun wata biyu da suka wuce aka yanke, ranar ce kawai ta zo daidai da ranar alamominki. Sashenmu a ƙasa yake domin inji yana bukatar bango mai kauri, ofishin shugaba kuma yana hawa na uku. Na karanta wasiƙarki na yi dariya, daga baya dariyar ta tsaya. Kwana huɗu kina ɗauke da wannan a ranki.

Game da alamomin, akwai laifi, amma nawa ne. Na gaya wa Umma kada ta wanke, sai dai na gaya mata ne ranar da muka zana, tana cike da tsoron inji. Mai tsoro ba ya jin magana, "to" kawai yake cewa. Kuma ban taɓa tambaya wa yake yi mata wanka ba. Kullum kina bayan ƙofa, ban ce ki shigo ki ji ba. Daga yau duk wanda za a zana wa alama, sai an kira mai jinyarsa an nuna masa da yatsa. Ita ce doka ta farko da na sa wa hannu a kujerar nan. Saboda haka ki ajiye tsintsiyarki, muna da masu shara, kuma kin ji irin bakinsu.

Yanzu abin da ya fi muhimmanci. Gashi kamar cire ciyawa ne a gona, kullum ake bi kafin ta farfaɗo. Duk ranar da aka tsallake, ciwon ya sami numfashi. Kwana shida za mu iya cike gurbinsu. Idan ya kai mako uku, ba zan iya yi miki wannan alkawarin ba. Ba don in tsorata ki na faɗa ba, na ga kin isa a gaya miki gaskiya.

Abu ɗaya ne ba zan yi ba. Ba zan karɓi Umma daga hannun dogon likitan ba. Shekara huɗu ina koyar da shi. Taswirar hasken da ake yi wa Umma ma shi ya zana tun farko, ni dubawa na yi na sa hannu. Idan na sauko duk lokacin da aka kira ni, ba wanda zai yarda da shi, kuma ranar da ba na nan sashen ya tsaya. Wannan ne abin da ya fi yi mini wuya a sabon aikin. Shekara goma sha tara ina ƙasa, na saba in taɓa mutum da hannuna. Yanzu takardu nake taɓawa.

Ki karanta wa Umma wannan. Ki ce ina gaishe ta, kuma raƙumi yana jiranta.

Likita

*

Talata

Ranki ya daɗe Likita,

Assalamu alaikum. Ina taya ki murna, Allah ya taya ki riƙo. Da Sista ta miƙo mini takardar sai da na zauna a ƙasa. Na karanta sau uku. Ashe ban kore ki ba. Na gode, na gode ƙwarai.

Na karanta wa Umma. Ta ce, "Shugaba? Da ma na ga alama, tafiyarta ta masu mulki ce." Da na zo wajen kyankyaso ta yi dariya har da tari. Na ɗauka an gama. Na ɗauko mayafi. Sai ta ce, "Mayar."

Likita, ban taɓa yi wa Umma musu ba. Amma na tuna mako ukun da kika ce, kuma yayana ya ce ranar Asabar mota za ta zo ta kai mu wajen mai jiƙo, mu yi wata guda. Sai na zauna a bakin ƙofa da mayafin a cinyata. Ta ce in tashi in ɗora ruwa, ban tashi ba. Ta ce, "Yau kuma aljanu ne?" Na ce, "Umma, me ya sa?"

Can ta ce, "Shekarar yayanki nawa?"

Na ce ashirin da takwas.

Ta ce, "To dogon yaron nan bai girme shi ba. Shi da wani mai gemu suka tsaya a kaina da alƙalami. Hannuna a sama, ba riga, ba mayafi. Suna auna ni suna kiran lamba. Ba su yi mini komai ba, har sannu suke yi mini. Amma ni na san abin da na ji. Da safe mata ne a ɗakin, shi ya sa na jure. Ranar Litinin ɗin nan kuwa mun kai ƙarfe biyu a can, na leƙa na gani, duk maza ne. Sau goma sha shida, Auta? Gara ciwon."

Na ce me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce, "In faɗa wa wa? In ce me? Mutane suna taimakonka ka ce kunyarsu kake ji?" Ta ce shi ya sa ta fake da cewa ba kya nan. Sannan ta kama kunnena, ba da zafi ba, ta ce idan na kuskura na gaya wa wani, ba ita ba ni.

Ga shi na gaya miki. Hannuna sai gumi yake yi, ki yi haƙuri da tawadar da ta baje. Ban sani ba ko daidai na yi. Ba ina ƙarar dogon likitan ba ne, har kujera ya ba ni ranar. Kuma ba ina cewa ki sauko ba, na gane abin da kika ce. Ban dai san wanda zan gaya wa ba in ba ke ba.

Zan jira Sista a bakin titi da safe in ba ta.

Ki huta lafiya.
Auta

*

Laraba

Auta,

Daidai kika yi.

Da na karanta na sa aka kawo mini fayilolin bara. Mata bakwai ne suka daina zuwa bayan an mayar da su layin rana. A kan kowane fayil an rubuta "ta ƙi zuwa". Biyu a ciki da hannuna na rubuta. Ni da safe nake aiki, inda matan suke, ban taɓa tambayar yadda rana take ba.

Na tara ma'aikata yau. Ban ambaci Umma ba, ban ambace ki ba. An yi musu sosai, wani ya ce asibiti ba wurin kunya ba ne. Na ce masa ya cire riga ya kwanta a kan teburin taron mu auna shi. Bai cire ba. Daga mako mai zuwa za a sami mace a ɗakin inji safe da rana, kuma za a riƙa tambayar kowa tun ranar farko, mace ko namiji.

Umma ba za ta jira mako mai zuwa ba. Gobe ƙarfe takwas. Wani dattijo ya ba ta layinsa da murna, ya ce da ma tashin safe ya ishe shi. Mata biyu ne za su saita ta. Dogon likita zai duba fatarta sau ɗaya a mako, wannan ba makawa, amma Sista za ta tsaya, kuma wurin ciwon kawai za a buɗe.

Kada ki yi mata ƙarya. Ki gaya mata kin faɗa mini. Za ta yi faɗa, ki jure.

Gobe ina da taro tun safe a kan neman inji na biyu, ba za ki gan ni ba. Ki kawo ta.

Likita

*

Juma'a

Yayana,

Ina gaisuwa. Kada ka turo mota gobe. Na riga na gaya wa direban tanka ya gaya wa ƙaninsa. Na san kai ne babba, ka yi haƙuri. Idan ka zo ka yi mini duk faɗan da za ka yi. Umma ta koma gashi, jiya da yau.

Ba a cire likitar ba, ashe girma aka ƙara mata. Kuma ba injin Umma take gudu ba. Akwai dalili, amma ba zan gaya maka ba, na mata ne. Mutum ɗaya na gaya wa, shi ma sai da na sha faɗa. Umma ta ce, "Shekara goma sha huɗu ina kiwon bebiya, ashe gidan rediyo na haifa!" Daga nan ba ta ƙara yi mini magana ba har na kwanta. Na ba ta ruwa ta karɓa da hagu.

Da safe na fito in ɗora ruwan zafi, sai na gan ta zaune a tsakar gida, ta yafa mayafi, katin yana hannunta. Ta ce, "Sai ki tsaya kina kallona har layin ya wuce."

A asibiti matar da take kunna inji ta rungume ta. Ta duba alamomin, ta kira ni ciki ta nuna mini su ɗaya bayan ɗaya. Guda biyar ne, Yaya. Ta ce ruwa zai iya bi ta kai, amma ban da soso, ban da mai. Ta ce, "Kin ji, sarauniyar tsafta?" Na so ƙasa ta buɗe in shige.

Ba gasa mutum ake yi kamar nama ba, Yaya. Na gani a talabijin ɗin da suke kallonta. Kwanciya kawai take yi, injin ya zagaya yana ƙara, minti goma an gama. Ba wuta, ba hayaƙi. Fatar wurin ta yi duhu, tana yi mata zafi kaɗan, an ce haka yake yi.

Bayan nan dogon likita ya zo duba ta. Ya tsaya a bayan labule ya yi sallama har sau biyu. Ya ce, "Umma, in shigo?" Ta ce, "Ɗakinka ne." Ya ce, "A'a, yanzu naki ne." Sista ta buɗe wurin kaɗan. Shi kuma garin kawar da kai ya buga goshi da fitilar da ke rataye, ƙau! Umma ta manta da fushi ta ce, "Wayyo ɗan nan! Sannu. Uwarka ba ta gaya maka ka daina tsawo haka ba?" Ya ce ta gaya masa, bai ji ba. Ya ce za a ƙara mata gashi biyu a ƙarshe saboda kwanakin da muka rasa. Ta ce, "Ashe har da tara." Amma ba ta ce a'a ba.

Yau muna fitowa muka ga Likita a matakala, tana sauri da takardu har haɓa. Umma ta ce, "Shugaba, kin rame." Ta ce, "Umma, kujerar ce take cin mutum." Umma ta ce, "To ki riƙa cin ta kafin ta ci ki." Likita ta juyo ta kalle ni ta ce, "Auta." Na so in ce na gode. Na shirya maganar tun a gida. Amma sai na durƙusa kawai. Ta dafa kaina da gwiwar hannu, don hannayen a cike suke, ta wuce.

Ka yi mana addu'a. Saura goma sha shida, har da ƙarin.

Ƙanwarka,
Auta

*

Lahadi

Gidan Rediyo,

Na ji. Wato yanzu ke kike ba direbobi umarni. To, ranki ya daɗe.

Na karanta takardarki a bayan tanka don kada a ga idona. Ki ci gaba da kai ta. Mai injin daddaɓe ma da na matsa masa, ya ce tsallen da babarsa take yi na warkewa daga ciwon ƙafa ne, ba irin na Umma ba.

Ƙarshen wata ina tafe. Faɗan yana nan na ajiye miki, amma ya fara hucewa.

Yayanki

*

Litinin

Ranki ya daɗe Likita,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya aiki?

Yau, bayan mako uku, Umma ta gama. Ashirin da bakwai, ba mu ƙara tsallake ko ɗaya ba. Ba sai kin ba ni amsa ba, na san aiki ya yi miki yawa.

Na tambayi dogon likita da bakina ko ciwon ya tafi. Ya ce bai sani ba tukuna, sai mun dawo bayan wata uku an yi hoto. Ya ce abin da ya gani ya yi masa daɗi, amma ba zai faɗi abin da bai tabbatar ba. Na ji tsoro kaɗan. Umma ta ce ita ta fi yarda da mai cewa bai sani ba.

Na gode, Likita. Umma ta gode, yayana ma ya ce in ce ya gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ku injin da kike nema.

A hanyar gida Umma ta ce mu tsaya wajen tela, ashe ta ɓoyo yadi a jakata. Ya auna ta, ta ce ya ƙara yatsu huɗu a ƙugu. Ya ce, "Hajiya, za ta yi miki yawa fa." Ta ce, "Kai dai ɗinka. Zan cika ta."

Ki huta lafiya.
Auta